Saƙon Barka na Biyu

Yayanmu shi ke kula da kwamfutocin asibitin haihuwa na unguwarmu, a wani ɗan ɗaki bayan wurin ba da magani, inda fanka ta fi ƙwarewa a ƙara fiye da iska. A gida Injiniya muke ce masa, ko da yake har yau Mama ba ta yafe masa rediyonta da ya kwance tun yana yaro ba. Mutum ne mai son yabo, kuma ba ya ɓoyewa.

Abin alfaharinsa wani ɗan umarni ne da ya dasa a rumbun bayanan asibitin, yana kiransa tiriga. "Kwance yake kamar tarko," in ji shi. "Da zarar nas ta shigar da sabon layin bayanan jariri, sai ya tashi da kansa ya tura wa uwar saƙon barka a waya." Mun sha wannan bayani har mun haddace. Ashe garin zumuɗi bai tsaya kan shigarwa kaɗai ba, ya umarci abin ya tashi ko da gyara layin aka yi.

Wata safiya jaririn matar tela, maƙwabcinmu, ya rasu a kwalbar renon jarirai ta asibitin. An riga an sallami uwar, tana gida aka gaya mata. Nas ta buɗe layin yaron ta rubuta rasuwar. Shi kuwa tiriga ba ya karatu, ya dai ga an taɓa layi. Saƙo ya tafi: "Muna taya ki murna, Allah ya raya."

Gyaran umarnin bai ɗauke shi lokaci ba, 'yan kalmomi ya goge. Amma ya daina cin abinci tare da mu, ya koma bin lungun baya don kada ya wuce shagon tela. Ni ma da nake tsokanarsa kullum, kunya ta sa na daina. Daga ƙarshe Mama ta tasa shi gaba zuwa gidan tela, ina biye.

Ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. "Ni na haɗa abin da ya turo miki saƙon nan. Ki yafe min."

Matar tela ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ba komai, Injiniya," ta ce. "Ni dai da na gani, na zaci likitocin ne suka yi kuskure, yaron ya farfaɗo. Har na ɗauki zanen goyo na kai bakin titi, babansa ne ya dawo da ni."