Yaren da Aka Haifa a Gidanmu

Duk sa'ad da ƙamshin banda ya bugi hancina a kasuwar Yelwa, hannuwan Kaka nake tunawa. Ka taɓa tambayar kanka yadda ɗan Adam ya fara magana? Ni dai a gabana aka haifi wani yare, a gindin murhun kyafa kifi, a ƙauyenmu na bakin tafkin Kainji.

Ƙanwata kurma ce tun haihuwa. Gidanmu kuwa surutu ba ya yankewa, Kaka da Gunganci, Inna da Hausa, maƙwabta da Kambarci, amma ba wanda ya shiga kunnenta. Da ta isa bin yara bakin ruwa, Baba ya ce za a kai ta tudu wurin gwaggonmu, don yaron da ba ya jin "dawo!" ba ya zama kusa da tafki. Ni da Inna mun sha kuka.

"Ku bar mini ɗiyag ga har ruwa shi janye," in ji Kaka. "Kunne ta rasa, ba hankali ba."

Damina guda suna zaune cikin hayaƙi. Kaka ta ɗaga tarwaɗa, ta ja yatsu a gefen baki alamar gashinta, yarinya ta kwaikwaya. Wuta, yunwa, dorina, kowanne ya sami alamarsa. Ba a jima ba ta fara ƙirƙiro nata. Ita ta raɗa wa Kaka suna: jan leɓen ƙasa da yatsa, saboda tabar da take cusawa a wurin. Kaka ta yi ta faɗa, suna kuwa ya bi ta.

Wata safiya Baba yana jan raga, muka hango dorina a bayan kwalekwalensa. Muka yi ta ihu, iska ta kwashe. Ƙanwata ta haye wani kifaffen jirgi, ta wage hannuwa biyu kamar ƙaton baki, ta nuna bayansa. Baban da ke cewa wasan yara muke yi, ashe yana koyo ta wutsiyar ido. Ya saki ragar ya tuƙo gaɓa. Ba a sake zancen tudu ba.

Yanzu ni da ƙanwata ta bidiyon waya muke hira da hannu. Jikokinta sun ƙaro alamomin babur da caji, suna yi mini dariya in na kuskure. Jiya ƙaramarsu, wadda ba ta taɓa ganin Kaka ba, ta nuna ni ta ja leɓenta na ƙasa. Ashe sunan ya girma, kowace tsohuwa ake nufi yanzu. Na yi dariya har da hawaye, na amsa.