Rairan da Baba ya kasa hurewa

Baba ya ɗauki takardar ya hura ta, ya sake hurawa, sannan ya sa hannun riga yana gogewa. Ni kuwa ina bakin zaure ina danne dariya.

Hoton talla ne ƙungiyar manoman albasa ta nan Goronyo ta sa ni yi. So nike sunan ƙungiyar ya fito kamar an rubuta shi da yatsa cikin rairai. Na gangara ƙasan dam na ɗauko hoton rairan gulbi da waya, na aza haruffa bisa a manhajar gyaran hoto, na ɓarɓashe bakinsu, na zuba inuwa ciki har sunka lotsa.

Dama Baba ya gama magana: in wanga aiki bai karɓu ba, in aje kwamfuta in koma ban ruwa.

Ya ɗago ya dube ni. "Kai Nasiru, don mi ka bari ƙasa ta ɓata aikin mutane?"

Na ce, "Baba, ba ƙasa ba ce, zane ne."

Ya shafa da yatsa, ya duba yatsan, ba ko ƙwaya. Sai ya ce, "Buga musu wata. Wagga tawa ce."

Mutumin da ke kiran kwamfutata akwatin zaman banza, yanzu haka yana majalisar ƙofar masallaci yana miƙa wa abokansa takardar, yana cewa su ma su hura.

Ku fa, yaushe mutanen gidanku sunka yarda sana'arku sana'a ce?