Issoufou da Kaset ɗin Zali

"Ba zai buga ba, Ummi. Halas. Na gaya wa Minna, ita ma ta yarda."

"Ta yarda, ko ka zare mata ido ta yi shiru?"

Bangon da ya raba ɗakin Issoufou da kicin siriri ne, irin na gidajen unguwar Ka'akiyya ta Makka da ake yanka falo a mai da shi ɗakuna. Yana kwance bayan azahar da rigar aiki a jikinsa, an ɗauka barci yake. Matarsa Mariama ce da babban ɗansu Hudaifa ke magana a kicin. Bikin 'yarsa Minnatullah ya matso, kuma duk unguwa ta san uban amarya ne zai riƙe jita a taron maza, kamar yadda ya riƙe a bikin 'ya'yan kowa.

"Abokan ango sun gano bidiyon," in ji Hudaifa. "Yana yawo a jawwal ɗin kowa, kowace salula kika buɗe. Waƙoƙin nan duk na wani Zali ne, mutumin Agadas. Duk! Har yadda yake karkatar da wuya. Kin san me suke kiran Abuya? Taƙalidi. Kamar 'yan rok ɗin nan da ke sa kayan manya suna kwaikwayon ihunsu."

"Tuwon da kake ci ni na ƙirƙiro shi? Wurin uwata na gani."

"Ke ba ki taɓa cewa naki ba ne."

"Shi ma bai taɓa cewa ba."

"Bai taɓa cewa a'a ba, Ummi."

Murfin tukunya ya yi ƙara. 

Issoufou mutumin Tawa ne. Ya zo aikin hajji yana saurayi, ya zauna, ya koyi gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a shagon wani Bayamane a unguwar Utaibiyya. A garin da zafi ke hana mutum tunani, mai wannan sana'a ba ya rasa abinci, amma ba wanda ke riƙe sunansa. "Ya Takaruni," haka ake kiransa daga saman bene kamar kowane Takari, ya hau da tsani a kafaɗa. Jitar a Jidda ya saye ta, tsohuwa, ya shigo da ita Makka a naɗe cikin bargo kamar mara lafiya. Kaset ɗin Zali kuma wani alhaji ne ya bar masa. Kaset ɗin yana zaune a motar aikinsa, rani da sanyi, yana juyawa daga gida zuwa gida. Takardar da ke ɗauke da sunan Zali ta ɓare da kanta. Issoufou ya ga ta faɗi, bai ɗauka ba.

Ranar da ya fara bugawa a wata istiraha ta bayan gari, gidan hutun da Takari ke haya don biki, dattawan da suka shekara ba su ga gida ba suka yi tsit. Wani ya tambaye shi, "Kai ka tsara wanga?" Issoufou ya yi murmushi, ya sunkuya yana ɗaure wayar jita. Shi ke nan. Bai yi ƙarya ba, haka ya riƙa gaya wa kansa. Amma ya san dalilin sunkuyawar. A wurin nan kaɗai ake ce masa Malam Issoufou, a matsa masa kujera, a zuba masa shayi kafin kowa.

Akwai waƙa ɗaya, ta rijiya, wadda a tsakiyarta kiɗan ke yin nauyi, ya ja jiki, ya sauka ƙasa kamar raƙumi zai durƙusa, sannan ya miƙe. Issoufou ya daɗe kafin ya iya wurin. Sai da ya koyi sassauta waya da hannun hagu yana cikin bugu. Mutane suka sa masa suna durƙuson Issoufou. A nan tsofaffi ke share ido da gefen rawani.

Ya tashi, ya buɗe ƙofa.  Mariama ta juya ga tukunyarta, Hudaifa ya miƙe tsaye kamar an kama shi da sata.

"Abuya, ni ba..."

"Ba ni jawwal ɗin. Sa mini ta rijiya."

Bai taɓa ganin fuskar Zali ba sai ranar. Siriri ne, ƙarami, yana dariya da giɓi, jitarsa ta lantarki tana walƙiya. Abin da ya fara damun Issoufou shi ne wuyan. Shi a kunne ya koyi waƙar, bai taɓa ganin hoto ba, amma ga shi sak, wuya a karkace. Ashe ko jikinsa ba nasa ba ne.

Waƙar ta nufi tsakiya. Yatsunsa suka shirya a kan cinya, suna jiran durƙuson. Zali ya wuce a guje, tsaf, bai rage sauri ba, bai sauka ba.

"Mayar baya."

Aka mayar. Babu.

Sai ya tuna inda kaset ɗin ya yi rayuwarsa: gaban mota, ƙarƙashin gilashi, cikin ranar Makka. Shi da ke gyaran injin da zafi ya lalata, ya san abin da rana ke yi wa roba. Zaren ne ya saki a wurin, ya miƙe. Abin da ya ɓata watanni yana koya, abin da ya sa dattawa kuka, lalacewar kaset ce.

Hudaifa ma ya ji bambancin. Fuskarsa ta saki, har da ɗan haske.

"Nan ba haka kake yi ba, Abuya. Wallahi naka ya fi. To ai shi ke nan, sai in gaya musu kai ka canza ta. Ba taƙalidi ba ne, gyara ne."

Issoufou ya dubi ɗansa. Yaron ba gaskiya yake nema ba, abin da zai rufe bakin abokan ango yake nema. Shi ma kuma, Allah ya sani, ransa ya yi tsalle. Ba wanda zai taɓa ganewa. Kaset ɗin ya daɗe da tsinkewa. Kalma ɗaya, ya koma Malam Issoufou, har ya ɗara da.

"Ba ni na canza ba," ya ce. "Rana ce ta narka zaren. Ni na zaci haka mutumin ya buga."

Mariama ta yi wata 'yar dariya da ba ta shirya ba, ta toshe baki da gyale. Hudaifa ya sunkuyar da kai. Wannan ya fi taƙalidi muni, kuma su ukun sun sani.

Minnatullah tana tsaye a bakin ɗakinta, hannuwanta a sama don kada lalle ya goge. Ba a san tun yaushe take nan ba.

"Ni ban ce kar ka buga ba, Abuya," ta ce a hankali. "Na ce ne kawai kar su yi maka dariya a gabana."

Bai iya kallonta ba. Ya ɗauki jakar kayan aiki, ya laluba takalminsa da ƙafa. Ana jiransa a Utaibiyya, wani mukayyif ya mutu. Ya buɗe ƙofar waje, zafi ya bugi fuskarsa, ya tsaya da hannu a kan ƙarfen ba tare da ya waiwayo ba.

"Dariya kam za su yi, ɗiyata. Zan buga. Amma Hudaifa, kai za ka riƙe makirfo ka faɗi sunan mai waƙar kafin in taɓa waya. Ni bakina ba zai iya ba."