Neman Rezo a Bakin Boda

Shekara ɗaya aka ce zan yi a Jibiya. Haka Fada, limamin cocinmu, ya gaya mini ranar da ya miƙo mini takardar kama aiki, haka ni ma na gaya wa mijina, na bar masa 'yarmu mai shekara uku a Katsina, ƙanwarsa na taya shi riƙo.

Makarantar ajujuwa huɗu ce a bayan cocinmu na Katolika. Yaran galibi 'ya'yan ma'aikatan boda ne da sojoji da masu sayar da kayan gyaran mota, sai ɗaiɗaiku irina, Hausawa Kiristoci da iyayenmu suka taso daga ƙauyukan kudancin jihar. Darasin addini aka ba ni. Da alli nake koyarwa, in yi tambaya su ba da amsa da ƙarfi baki ɗaya, kamar yadda aka koya mana. Ɗaki kuwa na kama a gidan wata Hajiya mai fataucin hatsi, wadda rabin danginta ke Maraɗi. Tun ranar farko ta ce mini, "Malama, ke ɗiyata ce a gidan ga. Ki yi ibadarki in yi tawa."

A wata na biyar ofishin cocinmu ya aiko da kaya: kwamfutar hannu mai faɗin ƙaramin faranti, da ɗan majigi, da farantin sola. Ni aka tura kwas na kwana uku saboda ni ce ƙarama a cikin malamai. A can aka ɗauki hoton yatsana, aka ce ba mai iya buɗe na'urar sai ni. Har daɗi na ji a lokacin.

Ranar da na fara haska ta, zanin gado fari na aro wurin Hajiya na rataya a kan allo, muka rufe tagogi da kwali. Da hoto ya fito, sai yara suka ƙura masa ido. Darasin baftisma ne, ga ruwa yana zuba a goshin jariri, har ana jin ƙararsa. Turancin cikin na da sauri, don haka nakan tsayar in maimaita da Hausa. Wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, ruwan da sanyi?" Tun daga ranar ba wanda ya ƙara makara ran Talata da Alhamis. Ba zan ɓoye ba, na so aikin nan.

Sai dai na'urar na da sharaɗi. Duk mako dole ta shiga intanet, ta aika sakamakon yara, ta ɗauko sabon darasi. In ta wuce kwana goma ba ta shiga ba, sai ta kulle kanta.

Da shekara ta cika na je wurin Fada na tuna masa alkawari. Ya daɗe yana juya biro a hannunsa.

"Malama, in kin tafi wa zai riƙe mana ita? Sunanki ne a rajista, yatsanki ne mabuɗi. Ga yara goma sha biyu na shirin karɓar Tarayya ta farko a teburin Ubangiji."

"Fada, a koya wa katikis mana."

Katikis ɗinmu dattijo ne, shi ke jan addu'a in Fada ba ya nan. Da aka kira shi, dariya ya yi ya nuna idanunsa. "'Yata, ni ko lambar waya sai an karanta mini. Kar ki ɗora mini abin da zai ba ni kunya a gaban yara."

Fada ya ce in ƙara shekara ɗaya. Na ce to, don ban san yadda ake ce wa Fada a'a ba.

A cikin shekarar nan ce al'amarin 'yan bindiga ya yi ƙamari. Hanyar Katsina, wadda ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba, ta zama sai an yi tambaya kafin a hau. Mijina ya ce kada in ƙara zuwa ƙarshen mako sai an ga hali. Ana nan kuma muka wayi gari babu sabis a waya. Aka ce an yanke ne don tsaro, aka kuma hana hawa babur. Gida na can ba na iya zuwa, ba na iya kira, ga na'ura tana ƙirga mini kwanaki.

Ran kwana na bakwai Hajiya ta same ni zaune a ƙofar ɗaki na tasa na'urar a gaba.

"Mi ya same ki, Malama?"

Na yi mata bayani. Ta kwance bakin zaninta ta ciro ɗan layin waya. "Wanga na Nijar ne. Ki tai bakin boda, bayan inda kamyo-kamyo ke tsayawa akwai tudu. Rezon can yana ƙetarowa." Sai da ta ga ban gane ba ta ce kamyo manyan motoci ne, rezo kuwa shi ne sabis.

Ran Asabar na kama hanya. Motar haya ta rage mini hanya, sauran na taka. Da na isa na tarar ba ni kaɗai ba ce. Mutane sun cika tudun, kowa ya ɗaga hannu sama da waya, wasu sun hau kan lodin buhuna. Mai shayi har ya kafa tebur. Rezon zuwa yake yana ɗaukewa, layi kuma ɗaya ne. In na sa shi a na'ura, darasi kan ci mini kusan awa biyu ina tsaye a rana. In na cire na sa a wayata, wataƙila kira ya shiga, wataƙila kafin nan ya ɗauke. Kullum darasin nake farawa da shi, don ina tsoron ta kulle.

Wata Asabar na samu kira ya shiga. Mijina ya ba 'yarmu wayar, na ji numfashinta, na yi ta kiran sunanta. Sai na ji ta ce wa goggonta, "Mama, karɓi, wata ce." Daga nan rezo ya ɗauke. Na zauna a kan wata tsohuwar taya riƙe da wayar.

Asabar ta gaba, ina tsaye da na'urar sama da kaina, wani jami'in tsaro ya taɓa ni da bakin sandarsa.

"Ke, mene ne wannan? Wa kike ɗauka hoto?"

Na ce darasin yara nake ɗaukowa. Ya ce a wannan zamanin kowa haka yake cewa, akwai masu kai wa ɓarayin daji rahoto. Ya karɓe ta, ya ce in bi shi rumfarsu. Na zauna a benci, shi kuma ya ajiye ta a kan tebur ya ce sai ogansu ya zo.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a kan bencin nan ba tsoro ne ya cika mini zuciya ba. Sanyi na ji. Na ce a raina, su riƙe ta, su tura ta duk inda suke tura kaya. Ba ni na yar ba, ba ni na fasa ba, ƙwacewa aka yi. In babu ita, duk malamin da ke da alli zai iya aikina. Har na fara tunanin wace jaka zan fara ɗaurewa.

Ashe wani direba da ke ɗaukar wa Hajiya masara ya ga abin da ya faru, ya kai mata labari. Ba a yi awa biyu ba sai ga ta, mayafi a kafaɗa, tana haki. Ta tarar ogan ya iso, ta nufe shi.

"Ranka shi daɗe, wagga ɗiyata ce. Shekara biyu tana gidana. Yaran coci take koya ma addininsu, ni na ba ta zanen da take haskawa. In ɓarauniya ce, to ni ce uwar ɓarayi, ku fara da ni."

Ogan ya sa na buɗe. Ya kalli ɗan darasin yadda ake shirin furta zunubi a gaban Fada, ya yi murmushi, ya miƙo mini ya ce kada in ƙara ɗaga ta kusa da shingensu. Duk hanyar komawa Hajiya na ba da labarin yadda ta ƙwato mini kayana. Na yi mata godiya, kuma godiyar ta gaskiya ce, don ba kowa zai yi abin da ta yi ba. Amma da na shiga ɗaki sai na kifa na'urar a kan katifa na yi kuka. Ran Talata na rataya zani na haska wa yara darasin.

Bayan wasu watanni sabis ya dawo. Yaran nan goma sha biyu suka karɓi Tarayya cikin fararen kaya, iyayensu na ta sa mini albarka. Na samu wata mai ɗinki, uwar ɗaya daga cikinsu, na koya mata na'urar a hankali har ta iya, Fada ma ya yarda a rubuta wa ofis a ƙara yatsanta. Kafin amsa ta zo aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, suka kwashe suka tafi.

A shekara ta huɗu batirin ya kumbura, fuskar na'urar ta ɗago, ta mutu da kanta. Washegari na kai wa Fada takardar neman komawa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce gurbin koyarwa da aka ajiye mini a Katsina an daɗe da ba wata, amma zai sa ni a layin masu jiran gurbi.

Ina layin har yanzu. Hanya ta ɗan yi sauƙi, nakan je gida sau biyu a wata in an ce lafiya. 'Yata ta shiga aji uku. Takan gaishe ni da ladabi, ta ɗauki jakata ta kai ɗaki, sannan ta koma wurin goggonta ta zauna. Ran Lahadi bayan addu'ar Misa a coci nake juyowa, don in iso Jibiya da sauran rana.