Kifin da Ke Tsakiyar Layi

Shekarar da na gama poli a Birnin Kebbi, ƙungiyar masuntan unguwarmu a Argungu ta ɗora ni kan sikeli, ina auna kifin da ake fitowa da shi daga gulbi. Kawuna ne shugabansu. Wasu sun daɗe suna kukan kifi ya ƙanƙance, suna so a daina jefa taru mai ƙananan idanu, amma masu tarun suka ce sai an nuna musu hujja.

Ranar da aka sa za a yanke magana, na auna kamun safiya, na tara nauyin, na raba da yawan kifin kamar yadda aka koya mana. Matsakaicin ya fito da kyau. Masu tarun suka hau murna, wani har ya dafa kafaɗata.

Ni kuwa raina bai kwanta ba. A cikin kamun akwai wata ƙatuwar giwan ruwa da sai da mutum biyu suka ɗauko ta, ita ce ta ja lissafin sama.

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, ban ƙare ba."

Ya ce, "Mi ya rage kuma, ɗana? Ba kai ka hwaɗi da bakinka ba?"

Na roƙa a shimfiɗa buhuna a bakin ruwa. Muka jera kifin tun daga ƙarami har zuwa giwar, na riƙa cire ɗaya daga wannan gefe, ɗaya daga wancan, har ya rage guda. 'Yar gargaza ce da ba ta cika tafin hannuna ba. Na ɗaga ta na ce, "Wagga ita at tsakiya. Rabin abin da munka kama bai kai ta ba. Ku duba kuma wane girma ya fi yawa cikin layin."

Suka duba. Can mai babban taru a cikinsu, wani dattijo mai zafin kai, ya tsuguna ya juya gargazar da yatsa, ya ce, "Wagga ko ƙwai ba ta taɓa yi ba."

Shi ya fara naɗe tarunsa, sauran suka bi. Bayan damina biyu na sake jera kamun safiya a wurin, mata masu suya suka taru suna rigimar wadda za ta sayi na tsakiyar saboda girmansa.