Wuta-wutar da Aka Shuka da Gangan

Shekara guda na yi ina naci kafin shugaban makarantarmu ta Faskari ya yarda in kai 'yan ajina lambun tsirrai na wata jami'a. Na gaji da zana saiwa da alli. Sharaɗinsa ɗaya ne: in aka kawo ƙararmu, ba ni ba sake fita da yara.

A ƙarshen damina muka tafi, ni da kaina na fi su zumuɗi. Malamar da ke kula da lambun ta zaga da mu, kowace bishiya da sunanta a rataye, har dinya da kanya. Yaran suka yi ta dariya, wai kuka ma ta yi boko. A ɗakin adana busassun tsirrai kuwa, da suka ga tafasa an manne ta a takarda ana lallaɓa ta, wata yarinya ta ce ba don kunya ba da ta nemi ƙuli. Daɗi ya cika ni, don ban taɓa jin sun yi tambayoyi haka ba.

Na tsaya yi wa malamar godiya, su kuma suka fita shan iska. Da muka fito sai muka tarar da su a wata 'yar gonar dawa, sun tuge wuta-wutar da ke cikinta kaf, sun tara gefe guda. Ai ɗan manomi ba ya ganin wannan ciyawa tana shanye dawa ya wuce. Ashe da gangan aka shuka ta, ana nazarin yadda za a magance ta. Na hau su da faɗa.

"Malam, mi muka yi?" in ji babbansu. "Taimako ne fa."

Malamar ta dubi tarin, sannan ta tambaye su ko akwai irinta a gonakinsu. Sai suka hau gardama, na Daudawa na cewa tasu ta fi, na wajen Sabuwa na musu. Ta ce ba za ta kai ƙara ba, amma mu dawo mata da ita daga gonaki daban-daban.

Washegari na je neman izinin mahaifin babban nasu, don mu ɗebi wuta-wutar gonarsa. Dattijon ya sa na maimaita, sannan ya dubi dawarsa da ta ƙanƙance.

"Yau shekara nawa tana cinye mani hatsi, ashe akwai mai son ta? Malam, ka ce mata ta taho da mota."