Soron Gwaggo Sabuwa

Shekara arba'in da ɗaya Gwaggo Sabuwa ta yi a soro ɗaya a Ƙofar Marusa, tana daka yaji da kuka tana sayarwa. Tun da mijinta ya rasu, ɗanta Abdurrahim ke nacin ta koma gidansa a Kambarawa, ita kuwa ta ce gawarta kaɗai za a fitar daga lungun nan. Bana da damina ta kankama, rufin ya fara yoyo ta wuri uku. Abdurrahim ya ce in ba a gyara ba cikin satin, zai zo da mota ya kwashe ta.

Ta bazama neman magini. Malam Rabe, mai yi mata yaɓe duk shekara, ciwon gwiwa ya hana shi hawa. Sauran, waɗanda ba su mutu ba sun koma ginin bulo. Da ƙyar ta samo Almu da abokinsa, masu buga kwano a sababbin unguwanni. Suka ce aikin yini ɗaya ne: a kankare tsohuwar ƙasa, a buɗe indararon da ciyawa ta toshe, a shimfiɗa leda, a mayar da yaɓe. Ta aro musu tsani wurin maƙwabcinta, Alhaji Babaji.

To, a cikin gari ba a hawa soro sai an aika gidajen kewaye an ce za a hau, mata su kimtsa. Gwaggo ta san haka tun tana goye, amma ruɗewa ta sa ta sha'afa. Su kuwa masu kwano ko labarin ba su taɓa ji ba. Sun kankare rabi, azara ta fito fili, sai ihu ya tashi a tsakar gidan Alhaji, inda iyalinsa ke wanki da ɗaurin ƙirji. Alhaji ya fito kamar zai ci babu, ya sauko da su da zagi, ya saɓa tsaninsa ya shige. Almu ya ce shi ba a zaginsa a bakin aiki. Suka tattara shebur suka yi gaba.

Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Gwaggo ta faɗa zauren Alhaji, mayafi a karkace.

"Alhaji, don girman Allah! Laihina ne, ni na mance. Ba ni tsanin, ko ni in hau da leda."

"Ke, Gwaggo? Ki hau ki hwaɗo, in ce mi? Bari gobe a nemo wasu."

Ina gobe! Tana fitowa ruwa ya kece. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon jar laka na gangarowa ta bango, tana zuba a kan gadonta. Ta yi kuka sosai, har da kiran sunan mijinta. Kafin ruwan ya ɗauke, rabin rufin ya zauna.

Hadiza, matar Alhaji, ta shigo da zane busasshe tana ba ta haƙuri. Gwaggo ta ce ta ara mata waya, tata tana ƙarƙashin laka. Ta karanto lambar da ka.

"Abdurrahim," ta ce, "taho da motar."